Harajin wanda bai tashi ba

Shekara goma sha ɗaya ina yankar wa mutane tikitin jirgin sama, ni kuwa ko matakalarsa ban taɓa takawa ba. In zan je Funtuwa ganin iyalina, babbar mota nake bi kamar kowa, in isa gida ƙafafuna a kumbure, matata ta yi ta yi mini dariya wai mai raba jirgi ya zo a buhun albasa. Sau biyu nake zuwa a shekara, ƙaramar sallah da babba. Sauran kwanakin duk a Enugu nake cinye su, tsakanin ɗakina na haya a Obiagu da shagona a Coal Camp.

Shago dai sunansa shago. Rabin kwantena ne, da teburi, da kwamfuta, da firinta mai taurin kai, da benci ɗaya. Damana mai sayar da kayan gyaran mota, haguna wata mata mai dafa okpa, wani abinci na mutanen nan da ake naɗewa a ganye kamar alala. A Fatakwal na koyi aikin, a ofishin wani Inyamuri da ya rasa yadda zai yi da Alhazan kasuwar shanu, don su ba sa jin Turancinsa, shi ba ya jin Hausarsu. Na yi shekara uku ina tsaye tsakaninsu. Daga nan na ɗan taɓa Onitsha, hayaniyarta ta kore ni, na zo Enugu na kafa nawa.

Wannan sana'a tana hana mutum abokai, ban san haka ba sai da na shige ta. Manyan 'yan kasuwa sukan shigo su ce Malam, su faɗi rana, su karɓi takarda, su fita ba su ko zauna ba. Matasan da ke tura baro da masu wankin takalmi kuwa Oga suke ce mini, in na doso inda suke hira sai murya ta yi ƙasa, a gyara zama, a jira in wuce. Ban kai na sama ba, na ƙasa kuma sun ɗauka na fi ƙarfinsu. Akwai ranakun da in ka cire gaisuwa da farashin tikiti, ba na jin na furta kalma ashirin daga safe zuwa magariba.

Mutum ɗaya ne bai ɗauke ni Malam ko Oga da gaske ba, shi ne wani tsoho mai wankin hula da ke da rumfa daura da masallacinmu. Baba nake ce masa, shi kuma ɗan boko. Yana zaune cikin gumagumansa na icce da ake ɗora hula a kai ta bushe, sun kewaye shi kamar 'yan majalisa, kowanne da hularsa. Bokitin sitaci a gefe, buroshi a hannu, dutsen guga na gawayi a bayansa. Da an idar da la'asar sai in rufe shago in ɗauki flas ɗin shayi in tsallaka. Ni ke da shayi, shi ke da kofuna, haka muka raba aikin tun farko ba tare da mun yi magana a kai ba.

"Ɗan boko, yau mutum nawa ka jefa sama?"

"Uku, Baba."

"Allah ya sauko da su lafiya. Kai kuma kana nan ƙasa kana gadin kujera."

Kullum da irin wannan yake tarbata, kullum kuma sai na yi dariya kamar yau na fara ji. Ba wata doguwar hira muke yi ba. Wani lokaci ya ba ni labarin hular wani Alhaji da ya ce warinta kaɗai ya isa a gane cinikin kifi yake yi. Wani lokaci mu yi shiru muna kallon masu keke suna faɗa da juna a bakin titi. Amma wannan awa ɗaya ita ce ranata. Sauran awoyin jiranta nake yi.

Tun yana saurayi ya zo Enugu daga wani ƙauye bayan Kazaure. A nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'ya biyu da suka rayu, namiji yana cinikin shanu a Fatakwal, mace tana aure a Onitsha. Dukansu sun fi jin Inyamuranci a kan yadda suke jin Hausar ƙauyen ubansu. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya tun kafin in san shi. Ya fi shekara hamsin a garin, amma bai taɓa kiransa gida ba. In ya ce gida, ƙauyen nan yake nufi, inda uwarsa take kwance a gabas da wata kuka.

Wata rana motar asibiti ta wuce ta gabanmu da jiniya, an manna hoton wani dattijo a gilashinta, motoci na biye da ita. Maƙwabtanmu ne za su kai gawa garinsu. Baba ya ajiye buroshi ya bi su da ido har suka sha kwana.

"Ka ga mutanen nan, ko a Legas mutum ya mutu sai an kawo shi gidan ubansa," in ji shi. "Mu kuwa inda rai ya fita nan ake haƙa. Kafin rana ta faɗi an gama da kai. In kana son ka kwanta a gida, sai dai ka kai kanka da ƙafarka tun kana numfashi."

Na ce, "Ai ƙasar Allah ce duka, Baba."

"Na sani, ba sai ɗan boko ya yi mini wa'azi ba. Inda aka rubuta mini ba zan tsallake shi ba. Amma ai ba a hana bawa roƙo ba."

Daga nan ya bayyana mini abin da tsofaffinmu na kudu suke fama da shi a zuci, wanda ba a faɗa a masallaci. Komawa gida lissafin lokaci ne. In ka koma da wuri, ka zama kaya a gidan 'ya'yan 'yan'uwa da ba su san ka ba, ba sana'a, ba abokin hira, kana zaune kana cin tuwon mutane shekara da shekaru. In ka yi jinkiri, jar ƙasar Enugu ce makwancinka. Ya lissafa mini abokansa huɗu da suka ce sai baɗi, dukansu suna maƙabartar Hausawa ta garin nan. Ya ce shi ba zai yi wannan kuskuren ba, jikinsa zai gaya masa.

Da damina ta kankama jikin ya gaya masa. Fitsari ya tsaya masa, aka kwantar da shi kwana tara, ya fito da roba da wata 'yar jaka da yake ɓoyewa ƙarƙashin riga. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Likita ya ce kada ya kuskura ya yi doguwar tafiya a mota, jikinsa ba zai ɗauki jijjigar hanya ba. Ɗansa ya zo daga Fatakwal, mutum mai faɗin ƙirji da saurin magana, ya same ni a shago.

"Malam, Baba ya ce lokaci ya yi. Ka yanka masa jirgi zuwa Kano. Akwai ɗan ƙaninsa da zai tare shi a can da mota, ƙauyen ba nisa. Ko nawa ne ka kira ni kawai, no wahala, a ranar zan turo."

Ina so a riƙe wannan, don shi ne abin da nake ɓoye wa kaina in ina ba kaina labarin. Kuɗi bai taɓa zama matsala ba. Ɗan yana da hali, kuma ya ce ko nawa ne.

A makon ne farashin tikiti ya yi tsalle, a makon ne kuma rediyo ta ɗauka cewa kamfanonin jiragen sama sun maka gwamnati a kotu kan wani haraji da ake ɗora wa kowane fasinja. Kamfanoni suna cewa harajin ya yi yawa, yana korar matafiya. Gwamnati tana cewa da shi ake kula da filayen jirgi. Ni ban san mai gaskiya ba, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne duk wanda ya shigo shagona a kwanakin sai ya tambaye ni ko in kamfanoni suka yi nasara tikiti zai sauko.

Da la'asar na tsallaka da flas da wani tsohon tikiti a hannu, na nuna wa Baba yadda ake rubuta shi. Na ce wannan layin kuɗin kujera ne, na kamfani. Waɗannan na ƙasa kuwa duk haraji ne, a kan ɗaya daga cikinsu ake shari'a.

Ya yi dariya har sai da ya dafe ciki. "Ashe sama ma akwai masu tsare hanya? Na san na kasuwa, na san masu katako da ƙusa a hanyar Onitsha. Su waɗannan a kan gajimare suke kafa shingen nasu?"

"A ƙasa suke karɓa, Baba, tun kafin ka tashi."

"Sun fi wayo. To yaushe za ka jefa ni?"

Ina tsiyaya shayi ya yi tambayar. Na dubi rumfar, na dubi gumaguman da huluna, na dubi kofuna biyu a kan tabarma, sai na ga wurin yadda zai zama mako mai zuwa. Sai na ji bakina yana cewa, "Da za ka ɗan jira, Baba. Sati biyu. An sa ranar zama a kotu, in aka soke harajin nan tikiti zai faɗi. Ba daɗi a sa yaron nan ya biya abin da gobe za a cire."

Ya dube ni na ɗan lokaci. Idonsa ya yi fari-fari da tsufa amma yana gani sarai.

"Ka tabbata?"

"Aikina ne, Baba."

"To. Ba a sayen kaya ranar da kasuwa ta haukace, wannan ko ni na sani. Mu jira alƙalinka."

Aikina ne, shi ya sa na san ƙarya nake yi. Na san shari'ar kamfani da gwamnati ba ta ƙarewa a sati biyu. Na san ko yau alƙali ya soke harajin, wanda aka kayar zai ɗaukaka ƙara. Kuma a shekarun da na yi a kan kujerar nan ban taɓa ganin tikiti ya hau ya sauko don an ji kunya ba. Da wani Alhaji ne ya zo mini da wannan lissafin, da na yi masa dariya bayan ya fita. Amma na faɗa wa Baba da fuskar masani, na koma shago ina jin sanyi a raina kamar wanda aka ƙara wa kwanakin hutu.

Ranar zama ta zo, aka ɗage. Wani lauya bai kawo wasu takardu ba, haka rediyo ta ce. Na kai wa Baba labari, na ƙara da cewa wannan alama ce mai kyau, gwamnati ce ke jin tsoro. Ban san inda na samo wannan ba. Ya ce to.

Ɗansa ya kira ni. "Malam, how far? Na ji shiru."

Na zayyana masa zancen kotu da Turanci mai yawa, irin wanda ke sa mutum ya ji kunyar sake tambaya. Ya ce shi dai da an yanka kawai. Na ce Baba ne da kansa ya ce a jira, ba ya son a yi asarar dukiyar ɗansa. Wannan gaskiya ne, sai dai ban gaya masa wanda ya sa wa Baba maganar a baki ba.

Abin kunyar shi ne, makonnin nan su ne mafi daɗi da na yi a Enugu. Baba ya daina karɓar sabon wanki, hannunsa ba ya iya murza buroshi, sai ya zamana ba abin da yake yi sai hira. Na riƙa rufe shago tun kafin la'asar. Ya ba ni labarin ƙauyensu gida-gida, har na san wace rijiya ce ruwanta ke da zartsi, na san gonar da suka yi rigima da kawunsa a kanta. Ya gaya mini yadda uwarsa take dama fura da yatsa uku, da yadda ta raka shi har bakin kukar nan ranar da zai taho kudu, ta ce ya yi damina biyu ya dawo. Ya je ganinta sau da yawa, amma ranar da ta rasu yana nan yana guga, sai bayan kwana shida labari ya iso shi.

"Na yi mata alkawarin damina biyu, na yi hamsin da wani abu," in ji shi. "In na kwanta kusa da ita, ko ba komai ta ga na dawo."

Ina jin wannan, ina zuba masa shayi, ina kuma cewa zaman kotu na gaba saura kwana goma.

Shi kuwa shirinsa yake yi a hankali. Ya aika wa kowa hularsa, waɗanda suka manta da nasu tun bara ma ya sa aka nemo su. Ya ba wani mai wankin hula na Obiagu gumagumansa, ya bar guda ɗaya. Ya fito da akwatinsa na ƙarfe, na ce masa jirgi yana da iyakar nauyi, ya yi tsaki ya ce wato har kaya sai an yi musu shari'a. Muka zauna muna cirewa. Dutsen guga ya fita, turmin daka citta ya fita, bargo biyu suka koma ɗaya. Likkafaninsa da ya saya tun shekarun baya yana ƙasan akwatin, a naɗe cikin leda, wannan bai bari na taɓa ba.

A kan gungumen da ya rage ya ɗora hularsa ta tafiya, wata tsohuwar zanna mai ruwan toka. Kwana biyu ya yi yana wanke ta, yana hutawa, yana komawa. Ya ce ba zai sauka Kano da hula mai datti ba, a ce mai wankin hula ne ya dawo daga kudu.

"Ɗan boko, ka sa ni gefen taga," ya ce mini. "Ina so in ga ko Enugu tana da kyau daga sama. Daga ƙasa dai na daɗe ina kallonta, ban yanke hukunci ba."

Aka sake ɗage shari'ar. Wannan karon ban ma saurari dalili ba. Washegari na tsaya a ƙofar shago da flas a hannu ina shirya yadda zan faɗa masa, ina neman wata sabuwar alama mai kyau. Da na tsallaka ban same shi a rumfa ba. Yana cikin masallaci, mutane sun watse, shi yana zaune ya jingina da bango inda ya yi salla. A sahu ɗaya muka yi sallar, amma ban lura cewa a zaune ya yi ta ba. Na kama shi muka fito, nauyinsa bai fi na buhun da aka zazzage ba. Taku goma ne zuwa rumfa, sai da muka tsaya sau biyu.

Na zuba shayi, ya riƙe kofin bai sha ba.

"Alƙalin naka ya zauna kuwa?"

Ba da zolaya ya faɗa ba, ba kuma da fushi ba. Tambaya ce kawai, a hankali, yana kallon titi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Na ajiye flas na tsallaka titi da gudu, har wani mai keke ya zage ni. Na tayar da janareto don babu wuta, na buɗe kwamfuta. Tikitin ya ƙara tsada a kan yadda yake ranar da ɗansa ya zo. Jiragen gobe da jibi duk sun cika, mafi kusa sai Alhamis, a sauka Abuja a canja wani zuwa Kano. Ranar Asabar muke. Na yanka, na zaɓi gefen taga, na nemi a tanadar masa kujera mai taya da wanda zai tura shi. Sannan na kira ɗansa, kafin in gama bayani ya turo.

Na kai wa Baba takardar. Ajami yake karantawa, boko kuwa ko harafi, sai ya ce in nuna masa inda sunansa yake. Na ɗora yatsa a wurin. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ne ni?"

"Kai ne, Baba. Alhamis da hantsi."

"Harajin fa?"

"An biya."

"To madalla. Kada su tare ni a sama."

Ya ninke takardar gida huɗu, ya ɗaga hular nan daga kan gungume, ya sa a ciki, ya mayar.

Lahadi da Litinin mun sha shayi a ɗakinsa, don bai iya fitowa ba. 'Yarsa ta zo daga Onitsha ta yini biyu tana haɗa masa kaya, ta koma Litinin da yamma da niyyar dawowa Laraba ta raka shi filin jirgi. Talata da hantsi ina shago, ladanin masallacinmu ya leƙo, bai yi sallama da ƙarfi kamar yadda ya saba ba. Ya ce, "Malam, sai haƙuri." Ban tambaye shi wane ne ba.

Aka jira ɗansa ya iso daga Fatakwal, aka yi masa sutura da likkafanin ƙasan akwati. Bayan la'asar muka kai shi, daidai lokacin da nakan tsallaka titi da flas. An yi ruwa da safe, ƙasar maƙabartar ta zama jar laka mai kama takalmi. Ina cikin waɗanda suka shiga ramin suka karɓe shi. Da aka fara turo ƙasa na ga launinta a kan fararen yatsun ƙafata, na tuna ya taɓa ce mini ƙasar ƙauyensu fara ce, rairayi, in ka zuba ruwa nan take ta shanye. Saura kwana biyu jirginsa ya tashi. Ni kuma na cinye masa sati shida.

A wurin zaman makoki ɗansa ya riƙe hannuna da hannu biyu a gaban mutane, ya ce Allah ya saka, Baba ya ce ni ne ɗansa na Enugu. Na ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abin da ya kamata in faɗa yana bakina, na haɗiye shi da ruwan da aka miƙo mini.

Bayan kwana uku na zauna in soke tikitin. Irin mai rahusa ne da ba a mayar da kuɗinsa, na san haka tun da na yanka. Amma akwai wata ƙa'ida a aikinmu da na sha yi wa mutane bayaninta ba tare da na ji komai ba: in fasinja bai tashi ba, kuɗin kujera ya tafi, harajin kuwa ana mayarwa, don wanda bai tashi ba babu harajin tashi a kansa. Na cike takarda na tura. Bayan 'yan makonni kuɗin harajin ya dawo. Abin da na sa tsohon nan ya jira a cire masa, ga shi an cire, ba alƙali, ba lauya. Na rufe shago a ranar tun azahar.

Na kira ɗan, ya ce in kai wa ƙanwarsa. Zan iya tura mata ta waya, amma na sa a ambulan na hau mota zuwa Onitsha, don na ƙudurta zan gaya wa wani daga cikinsu gaskiya, kuma na fi iya fuskantar ta a kan shi. Gidan mijinta yana bayan rumfunan albasa, kusa da gada. Ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta zauna daga bakin ƙofa. Hausarta tana da karin harshen garin, tana hawa tana sauka.

Muka gaisa, na yi mata ya haƙuri, na miƙa ambulan na faɗi ko mene ne. Sannan na ce akwai maganar da ke ci na. Na fara da kotu, na fara da farashi, ina ta kewaye-kewaye. Ta bar ni na yi nisa kafin ta katse ni.

"Malam, zancen jiran nan ne? Ai Baba ya gaya mini."

Na ɗago kai na dube ta.

"Tun farkon abin na kira shi ina faɗa, na ce wane irin kotu, a yanka masa ya tafi. Ya ce ke dai bari. Ya ce kotun nan ba za ta ƙare ba, ko shi da bai yi boko ba ya sani. Ya ce ɗan bokon nan ba shi da kowa a garin nan sai ni, bakinsa ne ya kasa cewa kada in tafi. Bari in ƙara masa sati biyu, gida ba gudu zai yi ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Da aka ɗage na sake kira, ya ce a ƙara masa kaɗan. Ni dai na ji haushinka a lokacin, ba zan ɓoye maka ba. Amma shi ya zaɓa."

Na zo ne in ajiye kaya, sai aka ɗora mini wanda ya fi shi nauyi. Duk la'asar ɗin nan da nake ganin ni ke riƙe da shi da wayona, ashe yana sane, yana kallona ina ƙirƙiro alamu masu kyau, yana cewa to. Yana cire kwanakinsa ɗaya bayan ɗaya yana ba ni, ya san kuma ba su da yawa, ya san abin da yake sayarwa don ya ba ni su. Kuka na yi a zauren mutane, ni da furfurata, har mijinta ya leƙo ya koma.

Da zan tafi ta shiga ciki ta fito da leda. Hular nan ce mai ruwan toka, sitacinta bai karye ba. Ta ce yayanta kansa ya fi ta girma, mijinta kuma ba ya sa hula, in riƙe. Sai da na zauna a motar Enugu na leƙa cikinta. Takardar tana nan a ninke gida huɗu, Alhamis da hantsi, gefen taga.

Ban san yadda shari'ar ta ƙare ba, ko ma ta ƙare. In an fara zancenta a rediyo nakan murɗa. Har yanzu mutane suna shigowa su tambaye ni ko su jira tikiti ya sauko, musamman in tsoho za a kai gida. Ba na bari su kai ƙarshen tambayar, har wasu suna cewa Malam ya cika son ciniki. Rumfar Baba yanzu wani mai gyaran waya ne a ciki, yana sa kiɗa da ƙarfi.

Da babbar sallar da ta biyo baya, da na je Funtuwa, na ce wa matata zan yi kwana ɗaya a hanya. Na bi motar Kazaure, na yi tambaya har na sami ƙauyen. Kukar tana nan, rijiyar mai zartsi ma na gane ta ba wanda ya nuna mini. Ɗan ƙaninsa ya kai ni gabas da kukar ya nuna mini inda tsohuwar take. A gefenta akwai fili, an share shi, an kewaye da ƙaya. Ya ce tun ranar da aka kira su aka ce Baba yana tafe suka gyara wurin, har yanzu ba wanda ya iya cire ƙayar. Na tsuguna na ɗebi ƙasar a hannuna. Fara ce, rairayi, kamar yadda ya faɗa.